Yadda Ake Gane Tsohuwar Uwar Maƙera da Sana'ar da Ta Yi wa Aiki

Duk tsohuwar uwar maƙerar da ka tarar ana sayarwa a Kumasi, in ka tambayi mai ita asalinta, amsar ɗaya ce: daga reluwe ta fito, tun zamanin Turawa. Na ji wannan a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota, na ji a wajen 'yan kondem na Aboabo, masu harkar tsohon ƙarfe, har na ji daga bakin wani yaro da bai cika shekara ashirin ba, yana rantsuwa kamar a gabansa aka sauke ta daga jirgi. Wani lokaci gaskiya ne. Layin dogon da ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra ya haɗe a 1923, ga ramukan zinariya na Obuasi, ga injinan tsaga katako, kuma kowane ɗaya cikin waɗannan wurare yana da maƙerarsa ta gyaran kayan aiki. Amma kwantenonin tsofaffin kaya da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema ma suna kawo irinsu, don haka uwar maƙera tana iya shekara ɗari da hamsin a duniya alhali ba ta cika shekara biyar a Ghana ba.

Ni a gidan maƙeran baƙi na tashi, kuma abin da na koya a can shi ne ƙarfen da kansa yana faɗin inda ya fito da aikin da ya sha, in dai ka bi shi daki-daki ba ka yi masa gaggawa ba. Ga yadda nake bi.

Kafin ka fita daga gida

Ka riƙe burushin waya na hannu, tsumma, ɗan kananzir a gora, alli, tocila, tef ɗin awo, ƙaramar guduma, da ƙwallon boris guda ɗaya mai kaurin kamar inci ɗaya. Ƙwallon nan ba ya wuya, kowane makanike a Magazine yana da shi cikin gwangwanin tarkace. In za ka sami sikelin rataye, to, madalla. In ba haka ba na 'yan kondem ya isa.

Kada ka yarda da hoton da aka turo maka ta WhatsApp ka biya kuɗi, wannan cinikin biri a sama ne. In ka isa, ka gaisa sosai, ka tambayi mai ita a hannun wa ya same ta, daga wane gari, shekara nawa tana wurinsa. Ka saurara, ka ajiye labarin a gefe. Ba don ƙaryata shi ba, sai don a ƙarshe za ka auna labarin da abin da ƙarfen ya nuna. Tambayar tana kuma tsare ka daga sayen kayan sata, wanda ba baƙon abu ba ne a harkar tsohon ƙarfe.

Mataki na farko: ja da baya ka dubi siffarta

Tun daga nesa za ka raba ta gida da ta ƙetare. Uwar maƙera irin ta kakanninmu kamar ƙatuwar ƙusa take: kai mai faɗi a sama, jiki yana tsukewa zuwa tsini, a kafa tsinin cikin kututturen da aka binne a ƙasa, maƙeri ya zauna a gabanta yana aiki. Ba ta da rubutu, ba ta da lamba. Jikinta ba sumul ba ne, za ka ga sawun masaba da layukan da gutsattsarin ƙarfe suka haɗu, domin ba mutum ɗaya ke ƙera ta ba, maƙera ne ke taruwa su yi ta haɗa ƙarfe a wuta har ta kai girman da ake so. Irin wannan ba kasafai take zuwa kasuwa ba. Gado ce, kuma a gidanmu ko zama a kanta yaro ya yi sai ya sha faɗa. In ka ga ɗaya a tulin kondem, yawanci gidan da ta fito sana'ar ta mutu ne. Ni a ganina ta fi kowace ta Ingila daraja, ko da sikeli bai yarda da ni ba.

Sai dai a yi hattara, domin tun da motoci suka yawaita maƙera ke yanko ƙarfen gindin babbar mota mai kai kamar faranti su kafa shi a kututture. Daga nesa kamar ta gado, amma in ka duba za ka ga da'irarsa ta cika daidai irin ta aikin inji, wani lokaci har da ramukan noti. Haka guntun ƙarfen layin dogo, wanda shi ne uwar maƙerar talaka a ko'ina. Shi wannan ba ya ɓoye kansa, kuma a gefensa akan sami sunan masana'antar da ta yi shi da shekarar, haruffan sun taso.

Ta ƙetare kuwa, wadda aka fi gani a nan ita ce samfurin Landan. Ga sassanta da sunayen da muke kiransu a maƙerarmu: fuska, wato shimfiɗaɗɗen saman da ake duka a kai, ƙaho a gefe ɗaya, ɗan dakali tsakanin ƙaho da fuska, wanda ya ɗan sauka ƙasa, wutsiya a ɗaya gefen, ƙugu, da ƙafafu huɗu. A wutsiya akwai babban rami mai kusurwa huɗu inda ake dasa kayan yanka da na lanƙwasa, da ƙaramin rami zagayayye na huda ƙarfe. In kuwa ka ga ƙaho biyu, ɗaya zagayayye ɗaya mai kusurwa yana tsukewa, to hankalinka ya koma Jamus, Faransa da maƙwabtansu. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan: 'yan mishan na Basel sun koyar da ƙira da kafinta a Osu tun ƙarni na 19, kuma Togo tana hannun Jamus har 1914.

Mataki na biyu: wanke ta, amma da hannu

A nan na taɓa yin ɓarna, shi ya sa zan daɗe a kai. Ina saurayi kawuna ya sayo wata uwar maƙera da tsatsa ta rufe, ni kuma don in burge shi na kai ta wurin wani mai walda ya bi ta da injin gurza, fuska da gefe, har ta yi ƙyalli kamar sabuwar tasa. Da Kawu ya dawo ya shafa gefenta da tafin hannu, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka goge mata suna." Rubutun da ke gefen duk ya tafi, sai wutsiyar harafi biyu. Fuskar ma an cinye mata abin da shekaru hamsin na aiki ba su ci ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Dalilin shi ne, rubutun tsofaffin nan ba shi da zurfi, buga shi aka yi da hatimin ƙarfe tun tana da zafi. Ita kuma fuskar, a yawancinsu, wani falle ne na ƙarfe mai tauri da aka liƙa a wuta bisa jiki mai laushi, kaurinsa bai fi kamar rabin inci ba. Duk abin da ka gurje daga gare shi ya tafi ke nan.

Saboda haka ka jiƙa gefen da kananzir, ka bar shi ya ɗan sha, ka bi da burushin waya a hankali, ka goge da tsumma. Juya ta yadda ƙahon zai kalli hannunka na dama. Gefen da ke fuskantarka shi ne inda masana'antun Ingila suka fi sa tambarinsu. In ya bushe, ka goga alli a wurin ka share da tafin hannu, allin zai maƙale cikin ramukan haruffa. In har yanzu bai fito ba, ka jira inuwa ko magariba, ka kwantar da tocila a jikin ƙarfen yadda hasken zai bi ta gefe. Abin da rana tsaka ta ɓoye, hasken gefe yana tono shi. Ka ɗauki hoto a haka, sau da yawa waya tana ganin abin da ido ya tsallake.

Sunayen da za ka iya cin karo da su ba su da yawa. PETER WRIGHT na garin Dudley, galibi da kalmar PATENT a ƙasa da SOLID WROUGHT a rubuce cikin da'ira. Ko rubutun ya goge, dubi ƙafafunta na gaba da na baya: akwai ɗan shimfiɗaɗɗen mataki a kansu, wanda aka san wannan gida da shi. M & H ARMITAGE tare da MOUSE HOLE na Sheffield ne, masu kaurin ƙugu da gajeren jiki kamar ɗan dambe, kuma sukan sa ɗigo tsakanin lambobin nauyi. WILKINSON ma na Dudley ne. BROOKS kuwa haruffansa tasowa suke yi daga jiki, kuma ƙirar baya-bayan nan ce in aka gwada da waɗancan. Kalmar SWEDEN, ko sunaye irin su KOHLSWA da SODERFORS, na ƙasar Suwidin ne. PEDDINGHAUS na Jamus ne. Na Amurka irin su HAY-BUDDEN da TRENTON suna da lambar jeri a ƙafar da ke ƙarƙashin ƙaho, FISHER kuma da hoton gaggafa a gefe. In ka gan su a Kumasi ka fi kyautata zaton kwantena ce ta kawo su.

Akwai wata 'yar alama da ta cancanci a neme ta: kan kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza. Wannan tambarin kayan gwamnatin Ingila ne. In ka same shi, labarin "tun zamanin Turawa" ya fara samun mashaidi.

Mataki na uku: lambobi ukun nan ba shekara ba ne

Ƙarƙashin suna, a kan ƙugu, za ka ga lambobi uku a warwatse, misali 1 1 16. Na taɓa jin mai sayarwa yana cewa wai ranar da aka ƙera ta ke nan, ɗaya ga watan ɗaya 1916. A'a, nauyi ne, a tsohon lissafin Ingila. Lambar farko kowace ɗaya laba 112 ce. Ta tsakiya kowace ɗaya laba 28 ce, wato rubu'in ta farko. Ta ƙarshe laba ce zalla. Don haka 1 1 16 ita ce 112 da 28 da 16, laba 156, kusan kilo 71. In ka ga 2 0 9, laba 233 ke nan, kusan kilo 106. In kuma 0 3 20 ce, laba 104, kilo 47 da 'yan kai. Mai son lissafi kai tsaye da kilo, ya ɗauki ta farko a kilo 50.8, ta tsakiya a 12.7, ta ƙarshe a ɗan ƙasa da rabin kilo.

A wannan tsari lambar tsakiya ba ta wuce 3, ta ƙarshe ba ta wuce 27. Da ka ga an saɓa wa haka, to ko dai ka karanta ba daidai ba, ko kuma ba lissafin Ingila ba ne, nauyin ne aka rubuta kai tsaye da laba kamar yadda Amurkawa ke yi, ko da kilo kamar na Jamus.

Yanzu ɗora ta a sikeli. In ta gaza abin da aka rubuta da kilo ɗaya ko biyu, cin zamani ne. In ta gaza da kilo biyar ko fiye, nemi abin da ya ɓace: wutsiya ta karye an daidaita wurin, ko ƙaho ya guntule, ko an taɓa yi mata irin aika-aikar da na yi.

Mataki na huɗu: ƙira ce ko zubi

Ka sa a kwantar maka da ita. Ka duba ƙugu ƙarƙashin ƙaho da ƙarƙashin wutsiya, da kuma gindinta. In akwai ramuka masu kusurwa huɗu da ba su ɓulle ba, nan ne ake zura sandunan ƙarfe a ɗaga ta a juya lokacin da take ja a wuta. Wannan shaidar ƙira ce. Za ka kuma ga jikin ba ya daidaita sosai, akwai sawun babbar guduma, kuma in ka bi gefen fuska da ido za ka ga siririn layin da fallen sama ya haɗu da jiki.

Ta zubi kuwa narkakken ƙarfe aka kwarara a mazubi. Alamarta layi ne da ya ratsa ta a tsaye daga ƙarƙashin ƙaho zuwa wutsiya inda ɓarin mazubin biyu suka haɗu, fata mai ɗan ƙurji kamar yashi, da haruffa masu tasowa. Zubi ba aibi ba ne a kan kansa. Na Suwidin da na Brooks zubin ƙarfe mai tauri ne, kuma suna aiki ƙwarai. Wanda ake gudu shi ne zubin baƙin ƙarfe mai gautsi, irin na tsohon dutsen guga, wanda aka yi masa siffar uwar maƙera aka shafa masa fenti. Kyan ɗan maciji ke nan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka sa a ɗora ta a kan katako, ba a kan yashi ko taya ba, kuma a cire duk abin da ya cushe ramukanta. Ɗauki ƙaramar gudumarka ka riƙa ƙwanƙwasa fuskar a hankali, daga dakali har wutsiya, taƙi bayan taƙi kamar mai neman ɓoyayyen rami a bango. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, amma in biyu suka haɗu kunne yana rarrabewa. Lafiyayyiya takan yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, musamman a ƙaho da wutsiya. Abin da kake nema shi ne wurin da muryar ta sauya, ta koma "kwaf" ko ta yi karkarwa kamar fasasshen kwano. A nan fallen ya rabu da jiki, ko akwai tsaga a ciki. Ka zagaye wurin da alli. Ƙaramin wuri a gefe ana iya kauce masa a aiki. In ya kai tafin hannu a tsakiyar fuska, ni dai ba na saya.

Togaciya ɗaya: Fisher ba ta amo tun asali, domin jikinta baƙin zubi ne da fallen ƙarfe mai tauri a sama. Shirunta ba ciwo ba ne. Shi ya sa gwaji na biyu ya fi na farko ƙarfi. Ka goge fuskar tas, ka tsayar da tef ɗin awo a kanta, ka saki ƙwallon boris daga inci 10, ka lura da inda ya tashi ya kai. Saki za ka yi, ba jifa ba. In ya dawo inci 8 ko sama, ta yi kyau sosai. Inci 6 zuwa 7 za ta yi aiki. In bai kai 5 ba, ko kuma ya bar ɗan lotsawa a fuskar, to ko baƙin zubi ce, ko ta taɓa shiga gobara taurinta ya saki. Wannan na biyun ba abin rainawa ba ne a garin da kasuwanni da rumfunan aiki suka sha gobara. Ka maimaita a wurare biyar ko shida, kuma ka sa wani ya tsaya da hannu a buɗe, don ƙwallon nan in ya tsere cikin tarkacen Magazine sai dai haƙuri.

Mataki na biyar: kintata shekarunta

Kintace ne, ba ranar haihuwa ba. Ƙaramin ramin nan zagayayye ya zama ruwan dare a ƙirar Ingila wajajen 1830, don haka wadda ba ta da shi, ga gajeren ƙaho da kaurin ƙugu, tana iya girme wa wannan lokaci. Amma wasu an huda musu shi daga baya. Leƙa ƙarƙashin wutsiya: wanda aka huda tun tana da zafi yakan bar ɗan kumburi a bakin ramin, wanda aka yi da injin huji kuwa bakinsa tsaf yake. A Peter Wright, masana kan ɗauki wadda ke da kalmar ENGLAND a matsayin ƙanwar wadda ba ta da ita. Masana'antar Mouse Hole ta daina aiki tun shekarun 1930, saboda haka duk mai wannan tambari ta haura shekara tamanin da ɗoriya. Wasu kaɗan, kamar WILLIAM FOSTER, sun sauƙaƙa wa kowa, sun buga shekarar ƙarara a jiki.

Mataki na shida: wace sana'a aka yi ta dominta

Nan ne daɗin abin yake, domin kowace sana'a ta nemi siffar da ta dace da hannunta.

Samfurin Landan mai matsakaicin nauyi, kilo 45 zuwa 90, ta maƙerin gari ce mai yin komai da komai. In ta haura kilo 130, fuska mai faɗi, ƙugu kamar turmi, babban ramin ya wuce inci ɗaya, to ba ta mutum ɗaya ba ce. An yi ta ne don wurin da mutum biyu ko uku ke kai duka da manyan guduma, irin maƙerar reluwe, ta ma'adinai ko ta tashar jiragen ruwa. Ga irin wannan ne labarin Sekondi ko Obuasi yake zama daidai a baki. Wanda ya nuna maka 'yar kilo 30 ya ce da ita ake gyaran kan jirgin ƙasa, ka yi murmushi kawai.

Akwai wadda mutane da yawa ba sa ma gane cewa uwar maƙera ce: dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu, ba ƙaho, ba wutsiya, ba rami, fuskarsa sumul da tauri ƙwarai. Wannan ta likitan zarto ce, mai daidaita manyan zartunan injin katako da guduma idan sun karkace ko sun saki. A Kumasi, garin da ya ci arzikin katako, ita ce ta fi cancanta ka sa ido a kanta, musamman wajen Kaase da Ahinsan inda injinan suke. Ba a taɓa ɗora mata ƙarfe mai zafi daga wuta ba, shi ya sa fuskarta kan kasance lafiya lau. Na taɓa ganin ɗaya an tokare ƙofar shago da ita.

Ta mai yi wa doki takalmi tana da kumburarren ƙaho, siririn ƙugu, doguwar wutsiya marar kauri, sau da yawa ƙananan ramuka biyu maimakon ɗaya, da wani ɗan kunne da ya fito a gindin ƙaho. A Kumasi baƙuwa ce. Ƙudan tsando bai bar doki ya zauna a kurmin Asante ba, mu kuma Hausawa ko a gida aikinmu ga doki linzami ne da likkafa da ƙaimi, ba takalmi ba. In ka gan ta, tunaninka ya tafi Accra inda ake sukuwa da ƙwallon doki, ko kuma kwantena.

In akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen reshe da ya fito daga gefen fuska, ta masu ƙera ƙarafan keken doki da amalanke ce. Mai ramuka a gefen jiki da suka ratsa ta, ga guntun ƙaho ko babu, ta masu sarƙa ce, a ramukan ake dasa abin da ake naɗa zoben sarƙa a kai. Dunƙule mai tsagogi a fuska inda ake zura wasu ƙananan ƙarafa, na masu wuƙaƙe da almakashi ne. Doguwa siririya mai ƙaho biyu da ƙafa ɗaya mai tsini, kamar mutum ya buɗe hannuwa, ta masu aikin kwano da gwangwani ce, masu bokiti da mazurari. In kuma irin wannan siffa ce amma 'yar ƙarama da za ta zauna a tafin hannu, fuskarta kamar madubi, ta maƙeran fari ce, masu zinariya da azurfa, kuma garin Asantehene, Sarkin Asante, bai taɓa rasa su ba. Ƙarfen nan mai ƙafa uku kamar tafin ƙafar mutum kuwa na mai gyaran takalmi ne, kada a sayar maka da shi da sunan ƙira.

Mataki na bakwai: wace sana'a ta yi a zahiri

Abin da aka yi ta dominsa daban, abin da ta tarar a Zango daban. Wannan ba a rubuce yake ba, a tabo yake. Ɗora tef ko miƙaƙƙen ƙarfe a tsawon fuskar ka haska ta ƙasa. Lotsawa mai laushi a tsakiya, kamar bayan tsohon doki, shekaru ne na buɗa faffaɗan ƙarfe, wato fartanya, garma da gatari. Wannan ba lahani ba ne, tsofaffin maƙera har so suke yi don miƙe abin da ya lanƙwashe. Gefen da ya fi cinyewa yana nuna inda mai kai duka yake tsayawa. Ɗaruruwan ƙananan sara a kan dakali, ko a kan fuskar kanta in an yi rashin sa'a, aikin kurfi ne a kan ƙarfe mai sanyi, irin na masu yanka falle su yi kurfoti da murhu. Ƙananan ɗigo-ɗigo da sara a gefen jiki da ƙafafu sawun mai gyaran kurfi da matsoni ne, yana gwada kaifinsu a jikinta bayan ya ba su ruwa. In sun yi yawa ainun, ta zauna inda ake wasa kayan fasa dutse. Tartsatsin walda da ya daskare, ko wurin da wutar gas ta lasa, shaidar zaman gareji ce. Ƙaho mai sheƙi da zobe-zoben sawu na mai lanƙwasa zobba da ƙugiya ne. Tsinin ƙaho da aka daddake kuwa, kawuna ya ce kada in ɗora wa kowace sana'a, wani ne ƙahon ya soka a cinya ya huce a kansa.

Haka muka yi da waccan da na goge wa suna. Ƙafafunta masu mataki da ramukan ƙugunta suka nuna gidan da ta fito, sikeli ya ba da kilo 68, lotsawar fuska da saran dakali suka ce ta yi fartanya da farko sannan ta koma kurfoti. Wani dattijon maƙeri a unguwarmu ya zo ya duƙa a kanta, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ce da kawuna, "Alhaji, wannan ta ga bayan mutum uku kafin kai."

In ciniki ya faɗa

Duk abin da ka gano, rubuta shi tare da labarin da mai ita ya ba ka, da tsawo, faɗi da nauyi, ka ajiye da hotunan. In wani baƙo ya taya da nufin fita da ita waje, musamman ta gida ta gado, a sani cewa fitar da kayan tarihi daga Ghana sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Wajen ɗauka kada a kama ta ta ƙaho da wutsiya da hannu, a zura sandar ƙarfe a ɗaure, mutum biyu su ɗaga, a kwantar da ita a kan tsohuwar taya cikin aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. A gida ka shafe jikinta da ɗan baƙin mai, fuskar kuwa ka bar ta, aiki da ƙarfe mai zafi zai wanke ta cikin mako biyu. In a tsaye za ka yi aiki, yanke kututturen yadda in ka tsaya ka saki hannu ka dunƙule shi, gaɓoɓin yatsunka za su taɓa fuskar. In amonta ya dami maƙwabta, naɗa mata sarƙa a ƙugu zagaye biyu ko uku, ka ɗaure ƙafafun da kututturen tam.